Kwana 12 kacal jan gizo-gizo ya rufe min tumatir: zafi ne ko rashin ruwa?

Sale Mai Tumatir:
Assalamu alaikum jama'a. Da zafina na zo. Ina da tumatir a rumfar leda, ya fara fure, komai lafiya lau. Kwana 12 da suka wuce na ga ɗigo-ɗigo farare a kan ganyen ƙasa, kamar an tsattsaga shi da tsinin allura, layi biyu kawai ta ɓangaren da rana ke faɗuwa. Na ce ba komai, ƙarshen mako zan yi feshi. Ƙarshen mako ya zo na shagala. Yau da na shiga, ganye ya koma ruwan ƙasa kamar an babbaka shi, kan tsiron an naɗe shi da yana, in ka taɓa sai ka ga wasu jajayen abubuwa suna yawo a yatsanka, ƙanana kamar ƙurar jan bulo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wata uku baya lokacin da gari ke da sanyi na ga irin ɗigon nan a kan wake, na bar shi wata guda cur bai tabuka komai ba. To me ya canja? Wani ya ce min zafi ne. Shin zafi ƙara musu ci yake ko ƙara musu haihuwa?

Baba Ado:
Wa'alaikumus salam. Sale, Allah ya mayar da alheri. Amma ka daina ɗora wa zafi laifi. Shekara 40 ina lambu, abin nan ba ya son ruwa, shi ke nan. Duk lokacin da sama ta ɗauke, ƙasa ta bushe, ƙura ta hau ganye, sai ka gan shi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, ko da ana zafin da ake yi, sai ka neme shi ka rasa. Da zafi ne da ba a ganin sauƙinsa a watannin da ake ruwa da rana tare. Ka rufe shukarka da leda, ka hana ruwan sama taɓa ta, sannan ka zo kana tambayar me ya canja.

Malama Zulai:
Baba, ba zan yi jayayya da shekara 40 ba, kuma abin da ka faɗa game da ruwa gaskiya ne, zan dawo kansa. Amma tambayar Sale ita ce me ya sa abin ya yi sauri haka, kuma amsar wannan zafi ce.

Da farko, wannan abin ba ƙwaro ba ne irin su fara ko darɓa. Dangin gizo-gizo ne da kaska, ƙafarsa takwas idan ya girma, tsawonsa bai kai rabin milimita ba ko ya kai da kyar. Jikinsa ba ya yin zafin kansa kamar namu. Duk zafin da ke kan ganyen, shi ne zafin jikinsa, kuma shi ke juya masa komai: ƙyanƙyashewar ƙwai, saɓa, narkar da abinci, saka ƙwai. Wanda aka fi yin bincike a kansa shi ne mai ɗigo biyu a baya, Tetranychus urticae, wanda ke cin tsirrai sama da iri 1,100. Daga ƙwai zuwa balaga yana ɗaukar kusan kwana 36 a digiri 15, kusan kwana 16 a digiri 20, kusan kwana 7 a digiri 30. Ƙasa da digiri 11 ko 12 girman ya tsaya cak. Sama da 40 shi ma ya tsaya, har ya fara mutuwa.

To Sale, waken da ka bari wata guda a cikin sanyi, a duk watan nan da kyar ɗiya ta kai ga zama uwa sau ɗaya. A rumfarka kuwa cikin kwana 12 uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta fara saka nata ƙwan, jikoki suna kan hanya. Ci ma yana ƙaruwa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba, in ka yarda da wasan. Yawan bakin da ke ci ne ya ninka.

Ɗan Auta:
Anti Zulai, na ɗauki biro na gwada lambobin nan naki, na ga wani abu mai daɗi. Idan ka cire 11 daga zafin, ka ninka da yawan kwanaki, kullum kusan amsa ɗaya kake samu. A 15, saura 4, sau 36, ya ba ka 144. A 20, saura 9, sau 16, 144 kuma. A 30, saura 19, sau 7, 133. Ke nan kamar kowane ɗan gizo yana da wata tulun zafi da sai ta cika kafin ya balaga, kusan 140. Haka ne ko ni ne ke ƙirƙira?

Malama Zulai:
Ba ƙirƙira kake ba ƙanena, ka gano abin da masu binciken ƙwari ke aiki da shi tun da daɗewa, lissafin taruwar zafi a kwana. Misalin tulun ma ya yi. Da shi za ka iya cewa a digiri 25, saura 14, to kwana 10 ke nan. Sai dai tulun nan tana aiki ne a tsaka-tsaki kawai. Kada ka ce a digiri 45 zai balaga cikin kwana 4, can gawarsa za ka tarar.

Wani lissafin kuma da ya fi tsorata ni shi ne na ninkawa. A wajen digiri 30, in abinci ya wadata kuma babu mai cin su, adadinsu kan ninka cikin kwana 3 ko ƙasa da haka. A wajen digiri 15 sai kusan kwana 10. Wata guda a sanyi ninki uku ne, ɗaya ya zama 8. Wata guda a zafi ninki goma ne, ɗaya ya haura 1,000. Kwana 12 na Sale ninki huɗu ne, sau 16. Kuma ranar da ya fara ganin ɗigon nan, ina mai tabbatar maka sun riga sun cika bayan ganyen, don ido ba ya ganin ɓarnar ɗaya ko goma.

Baba Ado:
To ni ban iya tulun lissafi ba. Tambaya ɗaya: me ya sa ruwan sama ɗaya ke gama da su, alhali washegari rana ta fito kamar ta fasa kai?

Injiniya Kabiru:
Kafin Malama ta amsa wa Baba, bari in sa baki, don ni aikina kafa rumfunan nan ne kuma lambobin ɗakin gwaji ba sa burge ni sosai. A ɗakin gwaji ana yanka ganye a ɗora kan auduga mai ruwa, a sa a akwati a saita digiri 30 dare da rana. Wace gona ce haka? A rumfar leda da rana tsaka ma'auni na iya kai 40, da asuba ya sauko 20. Matsakaicinsa 30, amma ba 30 ɗin akwati ba ne. Awannin da ya haura 35 girman ba ƙaruwa yake ba, ja da baya yake.

Na biyu kuma, wanda mutane ba sa lura: ma'aunin da kuke ratayewa a jikin ƙarfe zafin iska yake ba ku, gizon kuwa ba a iska yake zaune ba. Yana bayan ganye, manne da shi. Ganyen da ya ƙoshi da ruwa yana fitar da tururi ta 'yan ƙofofinsa, yana sanyaya kansa kamar yadda gumi ke yi mana, sai ya yi ƙasa da zafin iska da 'yan digiri. Ganyen da ƙishi ya kama kuwa rufe ƙofofin yake don kada ya rasa ruwa, sai ya ɗumama ya wuce iskar. Na sha ɗora ma'aunin nan mai kama da bindiga a kan ganye biyu a layi ɗaya, ɗaya a gindin da bututun ɗigon ruwa ya toshe, ɗaya a gindin da ke samun ruwa, bambancin a fili yake. Don haka rigimar Baba da Malama ni ban ga rigima ba. Rashin ruwa hanya ce ta zafi.

Malama Zulai:
Injiniya, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu, wato ta zafin ganye. Amma kada ka yi saurin sulhunta mu, bushewa tana da nata aikin daban. A busasshiyar iska gizon yana rasa ruwan jikinsa da sauri, sai ya ƙara tsotsa don ya mayar, yawan tsotsan kuma ya koma ƙwai. An gwada, zafi ɗaya, laima daban, macen da ke busasshiyar iska ta fi saka ƙwai.

Baba, ga amsarka. Ruwa mai ƙarfi dukan su yake, ya karya yanar, ya zubar da su ƙasa, abu ne mai rabin milimita da ɗigon ruwa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Bayan haka akwai wata cutar funfuna mai suna Neozygites da ke kama su idan laima ta daɗe kuma zafi ya sassauta. Sai ka juya ganye ka ga gawarwakinsu sun ƙafe sun yi ruwan ƙasa. Amma ruwa ba ya canja saurin girman waɗanda suka tsira. In aka yi ruwa yau sannan aka ɗauke na sati biyu cikin zafi, ka koma ka duba.

Batun akwati kuma Injiniya, gaskiya ne, amma ta ɓangare biyu yake yanka. A lokacin sanyi, in dare ya sauka 8 rana ta kai 20, matsakaici 14 ne, akwati zai ce kusan ba sa motsi. Alhali awannin ranar nan suna girma sosai, daren kuma ba ya cire musu abin da suka tara. Ke nan a sanyi sun fi lissafi sauri, a tsananin zafi sun fi shi nawa.

Baba Ado:
Yawwa. Ashe dai ruwan yana da nasa. Na gode 'yata.

Hajiya Tabawa:
Ku yi haƙuri in kawo abin da ya saɓa. Ni nawa tattasai ne, kuma ɓarnar da na gani ba a lokacin zafi da bushewa ta zo ba. Lokacin da gari ya yi luf ne, ana yayyafi, ganye ba ya bushewa da wuri. Sabon tofo ya murɗe ya lanƙwashe ƙasa, ya yi tauri da sheƙi, bayansa ya yi kalar tagulla, fure ya zube. Babu yana ko ɗaya, ban ga komai yana motsi ba. Na ɗauka ciwon murɗewar ganye ne na tuge gindi kusan 30 kafin wani ya zo da gilashin ƙara girma ya ce min gizo ne. In zafi da bushewa suke so, wannan fa?

Malama Zulai:
Hajiya, kin kawo abin da ya kamata a ce tun farko na faɗa. Naki wani ne daban, Polyphagotarsonemus latus, tsawonsa wajen kashi biyu cikin goma na milimita, ido ba ya ganinsa, ba ya saƙa. Shi laima yake so da zafi tsaka-tsaki, wajen digiri 25, kuma a nan yana kammala rayuwarsa cikin ƙasa da mako guda. Tsananin zafi da bushewa ba sa yi masa daɗi, shi ya sa yake ɓuya a cikin tofon da bai buɗe ba. Har hawa yake a ƙafar farin ƙuda a kai shi wata shukar, kamar mai neman lifti.

Akwai ma na uku da ya kamata Sale ya sani tunda tumatir yake yi, Aculops lycopersici, wanda ke sa kara ya yi kalar tsatsa daga ƙasa zuwa sama. Ƙafarsa huɗu kawai, jikinsa kamar ɗan tsinke, shi ma sai da gilashi. Ya fi jin daɗi a wajen digiri 27 da busasshiyar iska, mako guda ya balaga. Kowane iri da nasa ma'aunin. Abin da suka haɗu a kai shi ne dukansu zafi ke ja musu agogo, amma inda agogon ya fi gudu ya bambanta.

Sale Mai Tumatir:
To nawa wanne ne? Ku kuna cewa mai ɗigo biyu, ni kuma ja nake gani, ja sosai kamar lemo-lemo.

Malama Zulai:
Daga hoto ko bayani ba zan yanke ba, don mai ɗigo biyun ma yana da jan launi a wasu wurare. Amma ja, a kan tumatir, da yana mai kauri haka, da wannan saurin, zuciyata ta fi karkata ga Tetranychus evansi. Asalinsa Kudancin Amurka ne, an fara bayyana shi a kimiyyance a 1960 daga samfurin tsibirin Morishas, daga baya ya bazu a Afirka da ƙasashen bakin Bahar Rum. Dangin tumatir yake bi, yalo da dankalin Turawa da taba da ciyayin danginsu. Shi kuma ya fi ɗan'uwansa jure zafi, ganiyarsa tana wajen digiri 34. Wato zafin da ya fara gajiyar da wasu, shi a nan yake shan sharafinsa. In shi ne, to wanda ka gani a wake wata uku baya wataƙila ma ba shi ba ne.

Garba Mai Feshi:
Duk wannan turancin ba zai dawo wa Sale da tumatir ba. Sale, ka samo saifametirin ko lamda ka ƙara masa ƙarfi, ka wanke rumfar tas, bayan kwana 14 ka sake. Ni aikina ke nan kullum.

Malama Zulai:
Malam Garba, da girmamawa, wannan shawarar ita ce za ta ƙarasa shi. Magungunan nan biyu na ƙwari ne, gizon ganye ba ya jin su yadda ya kamata, amma suna share masu cin sa: ƙananan gizo mafarauta, da 'yan baƙaƙen buzuzun nan masu cin ƙwansa, da sauransu. Tarihin abin ma haka yake. Kafin yaƙin duniya na biyu gizon ganye ƙaramar matsala ce. Bayan an shiga fesa maganin ƙwari na DDT da ire-irensa ko'ina ne ya zama annoba a gonakin 'ya'yan itace da auduga.

Kwana 14 ɗin kuma, koma kan tulun Ɗan Auta. Yawancin maganin da ke kashe masu motsi ba ya taɓa ƙwai. A digiri 30 ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 3, bayan kwana 4 ko 5 ta balaga, kwana ɗaya ko biyu ta fara saka nata. Ka dawo ran 14, ka tarar an yi zuriya ɗaya an shiga ta biyu. A digiri 15 kuwa ƙwan kansa yana kai sati biyu bai fashe ba, ka ga a can kwana 14 ɗinka yana da ma'ana. Tazara ɗaya ba za ta yi wa sanyi da zafi aiki ba.

Garba Mai Feshi:
To Malama sai mu yi watsi da abin da aka rubuta a jikin kwalba mu riƙa feshi duk kwana uku? Ku ne kuma gobe za ku ce mun cika wa mutane guba a kayan gona. Kuma ni na fesa lamda na ga sun mutu da idona.

Malama Zulai:
A'a, rubutun kwalba ba a tsallake shi, ko yawan sa ko tazarar sa ko kwanakin jira kafin tsinka. Abin da nake cewa, a samo maganin da aka yi don gizo, irin su abamektin, zagaye na biyu kuma a zo da wani daga wani dangin daban, wanda ke taɓa ƙwai da ƙanana, irin su hekzitiyazoks ko sifiromesifen, in an yarda da su a kan amfanin da kake nomawa. Da yamma, don rana tana lalata abamektin da sauri, kuma bakin famfo ya kalli sama ya jiƙa bayan ganye. Wasu za su mutu da lamda, ban musa ba. Ka koma bayan kwana 10 ka ƙirga.

Ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan canja dangi. Macen da ba ta haɗu da namiji ba tana saka ƙwai, duk su fito maza. Wanda aka haɗu ne ke fitowa mace. Namijin kwafi ɗaya kawai yake ɗauke da shi na ƙwayoyin gado, daga uwarsa, babu na biyun da zai rufe shi. In yana da gadon jure magani sai ya bayyana nan take, ya rayu, sauran su mutu, shi ya bi matan. Mace ɗaya tak da iska ta jefo rumfarka tana iya haifar ɗa, ta haɗu da shi, ta kafa gari. Yanzu ka haɗa wannan da zuriya sabuwa kowane mako a lokacin zafi. Shi ya sa mai ɗigo biyun nan yake sahun gaba a duniya wajen jure magani, an rubuta ya jure sinadarai sama da 90.

Garba Mai Feshi:
Wannan na uwa da ɗa ban taɓa ji ba. Allah ya kyauta. Amma ban sauka daga kan cewa feshi ne mafita ba.

Injiniya Kabiru:
Tunda ana maganar feshi da zafi, wanda zai sa farar wuta ya kula. Tana aiki a kan gizo, amma in zafi ya haura wajen digiri 32 ƙona ganye take, a cikin leda kuwa abin ya fi muni. Kuma ba a haɗa ta da maganin mai ko a bi shi da ita kusa-kusa. Na taɓa ganin rumfar kokwamba da aka yi wa haka da hantsi, kafin la'asar kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Yaya Mariya:
Ni ina aiki a gidan gilashi a ƙasar da ake ƙanƙara, bari in ba ku ɗaya gefen. Nan idan rana ta fara gajarta sanyi ya shigo, matan sai su canja launi su koma ruwan lemo, su daina ci, su daina saka ƙwai, su sauka daga shuka su shige tsagar ƙarfe da bakin bututu da ƙarƙashin leda. Haka za su kwanta wata da watanni. Mu share gida, mu wanke, mu kawo sabon dashe, mu kunna na'urar ɗumama, sai ga su sun fito, kuma kullum daga layin da ke kusa da bututun zafi ake fara ganin ɗigo. Sanyi bai kashe su ba, ajiye su ya yi.

Mu nan ba mu cika feshi ba, mafarauci muke saki, Phytoseiulus persimilis, ja ne mai dogayen ƙafafu, da gudu yake yawo a ganye. A digiri 20 zuwa 25 da laima ya fi abincinsa saurin girma, sai ya cinye su. Amma da zarar zafi ya haura 30 iska ta bushe, ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa da kyau, shi kuma ya gudu ƙasan shuka inda ke da sanyi, ya bar su suna shagali a sama. Lokacin sai mu koma ga Neoseiulus californicus, wanda ya fi jure zafi da bushewa ko da yake bai kai shi ci ba. Don haka zafi ba gudun ɓarawo kawai yake ƙarawa ba, har mai gadin yake kwantarwa.

Malama Zulai:
Yaya Mariya, na gode da wannan. Ƙari ɗaya saboda Sale: in nasa evansi ne, persimilis ba ya yi masa wani abin a zo a gani, ba ya bunƙasa a kansa. Kada ya ji labarinki ya kashe kuɗinsa.

Malam Isa:
Ni rogo nake yi, kuma ina bayan Baba Ado. Koren gizon rogo, Mononychellus tanajoa, daga Kudancin Amurka ya zo, an fara ganin sa a Yuganda a 1971, ya bi gonakin rogo ya ratsa nahiyar. Da rani yake tashi, ruwa na kankama ya faɗi. Abin da ya karya lagonsa ba feshi ba ne, wani mafarauci ne da cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta kawo daga Barazil, Typhlodromalus aripo, aka sake shi a Jamhuriyar Benin a 1993. Abin da ya burge ni da shi, da rana ɓuya yake a cikin kan tsiron rogo inda ganye ke dunƙule, da dare ya fito farauta. Ya samo wa kansa inuwa. Shi ya sa ya fi zama a irin rogon da kansa ke da gashi-gashi.

Ɗan Auta:
Anti, tambaya ta ƙarshe. In zafi yana sa su girma da sauri, ai yana sa su tsufa da sauri ma. Ba za a tashi canjaras ba?

Malama Zulai:
Tsufan gaskiya ne. A zafi mace ba ta daɗewa, kuma jimillar ƙwan da za ta saka a rayuwarta, wanda kan kai 100 ko ya wuce in yanayi ya yi mata, yakan fi yawa a tsaka-tsaki, wajen 25, fiye da can sama. Amma ba canjaras ba ne, don abin da ke cika gona shi ne wa ya fara haihuwa da wuri. Wadda ta fara a kwana na 9 ta saka 60 ta mutu ta fi wadda ta fara a kwana na 18 ta saka 100, domin lokacin da ta biyun ke saka ƙwan farko, 'ya'yan ta farkon sun fara nasu. Gwada da bironka ka gani.

Sale Mai Tumatir:
Jama'a na dawo. Na ari ma'auni na rataya daidai tsayin ganye. Ƙarfe biyu na rana, gefen yamma inda abin ya fara, 39. Gefen gabas, 33. Da asuba duka 24. Sannan na bi bututun ɗigon ruwa na layin farko, rabin ramukan sun toshe, ƙasar gindin ta bushe ƙamas, ban sani ba don sama-sama nake kallo. A bayan ledar kuma, daidai wurin, akwai gautan kaji da ya fito shi kaɗai, na juya ganyensa, jajir. Na tuge layi biyun nan na cusa a buhu tun a ciki na ɗaure kafin in fitar. Na ɗaga ledar gefe don iska ta ratsa, na wanke bayan ganyen sauran da ruwa mai ƙarfi. Gobe da yamma zan fara abamektin. Na samo gilashi kuma, na ga ƙwan, ƙulu-ƙulu kamar ɗigon raɓa, a ganye ɗaya na gaji da ƙirga. Daga yau duk kwana biyu zan riƙa juya ganye, ba ƙarshen mako ba.

Injiniya Kabiru:
39 da ƙarfe biyu ya yi yawa ko don furen, zubewa zai yi ko babu gizo. Sa ragar inuwa a gefen yamman nan. Amma ka lura da ledar da ka ɗaga, in sun taru a kan tsiro iska ce motarsu, ka fara ɗaga gefen da iskar ke fita ba wanda zai kwaso su ya watsa cikin sauran layukan ba.

Baba Ado:
Bututu ya toshe, ƙasa ta bushe ƙamas. Ban ce komai ba, Malama. Sale, rigar da ka tuge layin nan da ita, kada ka shiga ɗaya rumfar da ita sai an wanke.